Ƙanzon Daren Laraba

Bakwai saura kwata na ajiye bas a tasha,
na hau tudun unguwarmu a Trieste,
iskar teku na tura ni ta baya kamar mai bin bashi.
Loredana ta riga ta fita aikin dare a asibiti.
Ta bar takarda a ƙofar firji:
"Ka ba yarinyar nan wani abu mai ganye."

Nives tana ƙarƙashin tebur da littafin lissafi,
ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu.
"Baba, me za a ci?"
Na buɗe firji. Na dube shi, ya dube ni.
Rabin kabewa, karas biyu da suka fara tsufa,
alayyafon Litinin ya langaɓe kamar fasinjan motar ƙarshe,
koren wake cikin ƙanƙara, guntun cuku mai tauri.
To, da babu gara ba daɗi.

Ruwa a wuta, gishiri cikin tafi.
Makaroni ya shiga, amma ba na bari ya nuna sarai.
Mahaifiyata takan ce wanda zai shiga tanda
a bar masa sauran ƙarfi.
Albasa ta sa ni hawayen da ba na kowa ba,
tafarnuwa ta bi ta cikin kasko,
kabewa da karas na yanka ƙanana, ƙanana ƙwarai,
irin yankan mai ɓoye laifi.

Man shanu ya narke, na barbaɗa fulawa,
na soma tsiyaya madara,
sai waya. Gualtiero ne, yana so mu yi musayar aikin Asabar.
Kafin in juyo, farar miyar ta yi gudaji.
Taura biyu ba ta taunuwa.
Na kashe wayar, na rage wuta,
na yi ta burgawa har kafaɗa ta yi tsami,
har ta koma sumul, tana bin bayan cokali a hankali.
Masoro kaɗan. Gyaɗar miya, ƙanƙarewa biyu.

Na juye kowa da kowa a tire guda,
kamar motar ƙarfe takwas na safe,
wake a jikin makaroni, alayyafo a matse a lungu,
na rufe su da cuku da garin busasshen burodi.
Minti ashirin da biyar.
Muka zauna a ƙasa gaban gilashin tanda,
muna raba tamanin da huɗu gida bakwai,
sama tana tafasa, tana ja, gefe yana ƙonewa kaɗan.

"Na ga kore," in ji Nives.
Ban ce uffan ba.
Ta tsince wake ɗaya bayan ɗaya,
ta jera su a bakin faranti, ta ƙirga: sha biyu.
Kabewar kuwa ta wuce ba ta sani ba,
alayyafon ma ya bi sahu.
Ta miƙo faranti a ƙara.

Saura kusurwar hagu, inda cuku ya yi ƙanzo,
wurin da cokula uku ke karo a kansa ran Lahadi.
Cokalina ya nufe ta. Nives ta riƙe mini hannu.
"Na Mama ne."
Muka rufe da faranti, ta rubuta a bayan takardar ɗazu:
"Akwai ganye. Na ci wake uku."

Ɗaya ta ci, ni shaida ne.
Amma na sa hannu a ƙasa,
na jiƙa tukunya, na kashe fitilar kicin.
Iska tana ta girgiza taga.
Ƙarfe shida makulli zai juya a ƙofa,
ni kuma ina ɗaura takalmi.